Yadda Za a Ji Bas na Tsaye a Cikin Ƙungiyar Kiɗa Mai Ƙara: Tambayoyi da Amsoshi

Bas na tsaye shi ne ƙaton nan na dangin gogen Turawa, wanda ake kafawa a ƙasa, makaɗi ya tsaya a bayansa yana fizgar tsirkiya da yatsu ko yana gogawa da izga. An ƙera shi ne tun kafin a san lasifika, domin zauren da kowa ke kiɗa da ƙarfin hannunsa. Da ganguna da jitar lantarki suka shigo kiɗan jaz, rokabili da salsa, sai ya zama shi ne ke fara nutsewa. Ga tambayoyin da makaɗa da masu kula da sauti suka fi yi a kan wannan matsala.

A ɗaki ana jin bas ɗina sarai. Me ya sa yake ɓacewa da zarar mai ganguna ya fara?

Tsirkiyoyinsa huɗu, E, A, D da G, suna kaɗawa kusan sau 41, 55, 73 da 98 a daƙiƙa ɗaya, wato abin da ake rubutawa Hz. A wannan zangon ne gangar ƙafa take zaune, nan hannun hagu na mai fiyano yake yawo, tsirkiyar ƙasa ta jita kuma tana kan 82. Kowa ya taru a wuri ɗaya, kuma wuri ne da kunnen ɗan Adam ba ya ji da kyau sai da ƙarfi sosai.

Abin da kunne yake gane sautin bas da shi yana sama da nan. Idan ka fizgi E, ban da 41 akwai 82, 124, 165 da sauransu suna tafiya tare da ita, sannan akwai ɗan “tas” na yatsa a kan tsirkiya da gurnanin katako, tsakanin 700 da 2,000 Hz. Da waɗannan mai sauraro yake sanin wane sauti ka buga da lokacin da ka buga shi. Shi ya sa wanda ya ji ya ɓace ya murɗa maɓallin Bass sama yake ƙara nutsewa: dandamali ya cika da rugugi, ’yan ƙungiya su ce ya yi ƙara, na bayan zaure kuma su ce ba sa jin sa. Duka biyun gaskiya suka faɗa.

Makirufo zan saya ko fikof?

Ya danganta da irin ƙarar da ke kewaye da kai.

Makirufo ne ya fi kawo ainihin muryar katakon. Ƙananan da ake maƙalawa a jikin bas, irin su DPA 4099 da Audio-Technica ATM350, suna da kyau ƙwarai a ƙungiyar mutum uku ko huɗu masu kiɗa a hankali. Amma makirufo ba ya tantance bas da farantin ƙarfen da mai ganguna yake duka. Idan kana tsaye mita ɗaya daga mai ganguna, rabin abin da zai ɗauka ba naka ba ne, kuma shi ne zai fara kuka idan aka ƙara murya.

Fikof na fiyezo, wanda yake jin motsin katako ya mai da shi lantarki, shi ne abin da yawancin masu aiki a dandamali suke dogara da shi. Iri-iri ne, kuma inda aka ɗaura shi ne yake yanke irin sautinsa. Realist na David Gage ɗan falle ne da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin ƙafar jaki, wato katakon da tsirkiyoyi suke hawa a kansa, ta ɓangaren E. Yana jin fuskar bas sosai, sautinsa mai kauri ne da duhu, yana kuma karɓar izga, sai dai a wurin ƙara yakan dagule da wuri. Underwood da K&K Bass Max ana cusa su a tsagar fiffiken jaki. Sun fi kusa da tsirkiya, don haka sun fi kaifi da saurin ratsa hayaniya. Fishman Full Circle yana zaune a cikin ɗaya daga ƙafafun ƙarfen da ake ɗaga jaki da su, kuma sautinsa yana tsakanin waɗancan biyun. Kafin ka saye shi ka duba zaren kusoshin jakinka, domin ana yin sa da zare fiye da ɗaya, kuma ba ya shiga jakin da ba shi da abin ɗagawa.

Na uku shi ne fikof na maganaɗisu, irin Schaller 411 ko Krivo, da ake ɗaurawa a ƙarshen allon yatsu, wato dogon katakon da ake danna tsirkiya a kansa. Tsirkiya kawai yake ji, babu ruwansa da jikin bas, saboda haka ya fi kowanne jure ƙara. Sharaɗinsa tsirkiyar ƙarfe. Da ta hanji ko ta nailan ba zai ce uffan ba. Sautinsa yana karkata zuwa na bas na lantarki, kuma da izga ba ya daɗi.

Idan tambayar ita ce ƙungiya mai ganguna da jita da masu busa, a ganinmu fiyezo na fiffiken jaki ko Full Circle ne wurin farawa. Maganaɗisu sai a inda ƙara ta wuce misali.

Na ɗaura fiyezo mai tsada, amma sautin ya fito siriri kamar ta hanci. An cuce ni ne?

Da wuya. Kafin ka zargi fikof, duba inda ka soka wayarsa. Fiyezo yana buƙatar mashiga mai turjiya babba, aƙalla 1 MΩ (om miliyan ɗaya, om kuwa shi ne ma’aunin turjiyar lantarki), wasu ma sai sun sami 5 zuwa 10 MΩ suke sakin jiki. Dalili kuwa shi ne fiyezo da mashigar da aka haɗa shi da ita suna zama matata mai zubar da sautin ƙasa, kuma turjiyar mashigar ce take yanke inda zubarwar za ta fara. Ɗauki fiyezo mai nanofarad 1 (ma’aunin yawan cajin da yake iya riƙewa). A mashiga mai 10 MΩ zubarwar tana farawa wajen 16 Hz, ƙasa da duk abin da bas yake bugawa. A mai 1 MΩ tana farawa wajen 160. A mashigar miksa (na’urar da ake haɗa sautukan makaɗa a cikinta) mai 50 kΩ, wato om dubu 50, kuwa sai ta haura 3,000, wato an yashe bas ɗin gaba ɗaya, saura ƙarar yatsu. Babu ikwalaizar, wato maɓallan ƙara ko rage sassan sauti, da za ta dawo da abin da aka zubar tun a bakin ƙofa.

Maganin shi ne ƙaramin akwatin share fage da ake sakawa tsakanin fikof da amfilifaya, wanda aka yi shi musamman domin fiyezo. LR Baggs Para Acoustic DI, Fishman Platinum Pro EQ da Radial PZ-Pre duk suna wannan aikin. Wasu amfilifayoyin da aka ƙera domin bas na tsaye, kamar na Acoustic Image, suna zuwa da irin wannan mashigar. Wayar da ke tsakanin fikof da akwatin kada ta wuce mita 3. Bayan akwatin kana iya ja yadda kake so. Idan akwatin na batir ne, riƙe wani a jaka, domin batir mai mutuwa ba ya yin shiru lokaci ɗaya, sai ya fara da tsatsage sauti mafi ƙarfi, kai kuma ka yi ta neman laifin lasifika.

Yaya ya kamata fikof ya zauna a tsagar jaki?

Ya shiga da turin ɗan yatsa, ya zauna daram, ba ya zamewa idan ka ɗan ja wayar. Idan ya yi sako-sako za ka ji zuza da raunin sauti. Idan ka danna shi da ƙarfin tsiya ya matse, sautin zai shaƙe, kuma kana iya fasa ƙwayar fiyezon ko ka tsaga fiffiken.

Tsagar da ta yi kaɗan ana buɗe ta da takardar yashi mai laushi da aka naɗe a ɗan falle mai shafaffen gefe, a goga kaɗan, a gwada, a sake gogawa. Abin lura shi ne bangarorin tsagar biyu su zama shafaffu kuma a daidaice, yadda duk fuskar fikof za ta taɓa katako, ba gefe ɗaya kawai ba. Tsagar da ta yi yawa ana cike ta da siririn katako. Makaɗa da yawa suna yanko tsohon harshen busa na saksofon, domin yana da kauri a gindi da siranta a baki, ana iya tura shi har a sami matsewar da ake so. Takarda da roba suna shanye kaifin sauti, a guje su.

Underwood ƙwaya biyu gare shi, ɗaya a kowane fiffike. Jaki yana rangaji ne hagu da dama, don haka wani lokaci ƙwayoyin biyu sukan soke wa juna wani ɓangare na sautin. Gwada zare ta ɓangaren G, ka naɗe ta a soso yadda ba za ta taɓa komai ba, ka saurari ta ɓangaren E ita kaɗai. Sau da yawa ta fi cika.

Idan fikof ɗin na ƙarƙashin ƙafar jaki ne, kwantar da bas a bayansa kafin ka sassauta tsirkiya, kuma kada ka sassauta fiye da abin da zai bari a ɗaga ƙafa ɗaya. A cikin bas akwai turken katako da ba a manna shi da komai ba, matsin tsirkiya ne kawai yake riƙe da shi. Idan ya faɗi, ba a ƙara ɗaure tsirkiya sai mai gyara ya tayar da shi, in ba haka ba fuskar bas tana iya lotsawa ko ta tsage.

Da na ƙara murya sai bas ya kama ƙugi shi kaɗai. Me zan yi?

Wannan ita ce babbar matsalar, kuma gara a fahimci tushenta. Jikin bas an yi shi ne ya motsa iska, to haka ma iska take motsa shi. Kamar fatar ganga ce da aka jingine kusa da lasifika: ba wanda ya taɓa ta, amma ka ɗora tafin hannu za ka ji tana rawa. Lasifika ta girgiza fuskar bas, fikof ya ji, ya aika wa amfilifaya, lasifika ta ƙara girgiza shi. Galibi ƙugin yana tashi tsakanin 60 da 120 Hz, inda iskar cikin akwatin da fuskar katakon suka fi son kaɗawa.

Fara da gano daga ina yake. Ƙara murya a hankali har ya soma, sai ka dafe tsirkiyoyin huɗu da hannun hagu. Idan ya tsaya, tsirkiya ce. Idan bai tsaya ba, kama guntayen tsirkiyar da ke tsakanin jaki da katakon wutsiya, inda ake ɗaure ƙarshen tsirkiyoyi a ƙasa, sannan ka kama katakon wutsiyar kansa. Idan har yanzu yana yi, danna gwiwarka a bayan bas ko tafin hannu a fuskarsa kusa da jaki. Inda hannunka ya kashe shi, nan ne za ka yi wa aiki. Idan kuwa kuka ne mai tsini ba ƙugi ba, makirufo ne, ba jikin bas ba.

Daga nan sai a bi matakan da ba sa cin kuɗi kafin masu ci.

Na farko, matatar da ke yanke sautin ƙasa, wadda za ka ga an rubuta HPF ko Low Cut a kanta. Sa ta a 40, ka riƙa bugun E da A a sake kana ɗaga ta sannu a hankali har rugugin ya kau amma sautin bai rame ba. A yawancin zaure za ka tsaya tsakanin 60 da 100, a wurin ƙara sosai har 120. Kada ka ji tsoron cewa E tana 41. Ko ba lantarki, jikin bas bai kai girman da zai fitar da 41 da ƙarfi ba, kunne ne yake cike gurbin daga sautukan da ke samanta. Wannan maɓalli ɗaya ya fi duk sauran amfani, kuma yana hutar da lasifika daga bugun banza da hannunka yake yi a jikin katako.

Na biyu, maɓallin Phase. Yana juya turin lasifika, ta yadda iskar da a da take taya fuskar bas rawa za ta koma tana danne ta. Danna shi ka ji wane gefe ne ya fi ba ka sarari. Ba a saita shi sau ɗaya a manta, domin ya dogara da tazarar da ke tsakaninka da lasifika. Igiyar sauti mai 100 Hz tsawonta kusan mita 3.4 ne, don haka matsawar mita 1.7 daidai take da danna maɓallin. Ka canza wurin tsayuwa, sai ka sake gwadawa.

Na uku, maɓallin Notch, wanda yake cire siririn yanki ɗaya. Bari ƙugin ya ɗan soma, ka murɗa maɓallin a hankali har ka ji ya faɗi. Idan kana son sanin lambar, nemo sautin ƙugin a kan bas: idan ya dace da G a sake, 98 ke nan, idan ya dace da A ta sama da ita, 110. Wuri ɗaya ko biyu ake cirewa. Wanda ya cire biyar ya kashe bas ɗin da hannunsa.

Na huɗu shi ne danne abin da ke rawa a banza. Saƙa tsumma ko ɗan ƙyalle mai kauri tsakanin guntayen tsirkiyar da ke bayan jaki. Cusa dunƙulen soso ko naɗaɗɗen tawul tsakanin katakon wutsiya da fuskar bas, ya matse sosai. Idan bai isa ba, yanko soso daidai da kafofin nan biyu masu siffar f ka toshe su.

Toshe kafofi da cusa soso ba zai lalata sautin ba?

Zai rage shi idan ana saurare ba lantarki, babu shakka. Amma a dandamalin da mai ganguna yake dukan tsakani da Allah, ba wanda yake jin katakonka kai tsaye, lasifika ake ji. Soso ne, ana gamawa ka zare. Abin da ba mu ba da shawara ba shi ne manna tef mai ƙarfi a kan fenti, domin yakan tashi da shi.

A nan ne ma bas mai araha yake yin fintinkau. Wanda aka sassaƙa daga katako tsantsa yana da sauƙin girgiza, abin da ya sa yake da daɗi a zaure, shi ne kuma ya sa yake saurin ƙugi. Na filawud, irin tsofaffin Kay da King na Amurka, ya fi tauri da jure ƙara. Wasu masu rokabili har turke na biyu suke sa a kafa musu a ciki ta ɓangaren E domin a daure fuskar. Wannan aikin mai gyara ne, kuma ba a yi wa bas mai daraja.

Ina ya kamata amfilifaya ya zauna?

A sama da ƙasa, a bayanka ta gefe, yadda jikinka zai shiga tsakanin lasifika da bas. Ga mai fizga da hannun dama, baya ta dama ke nan. Ɗora shi a kujera ko wani abin ɗorawa mai tsayin santimita 50 zuwa 80. Riba biyu ce: sautin tsakiya, wanda yake tafiya a miƙe, zai doshi kunnenka maimakon ƙwaurinka, don haka ba za ka buƙaci ƙara da yawa ba, sannan lasifika ta daina girgiza dandamali.

Dandamalin katako mai rami a ƙasa mugun abu ne ga bas. Girgiza tana bi ta allon, ta hau ƙafar ƙarfen bas, ta shiga jikinsa. Idan ka gamu da irinsa, kafa ƙafar a kan wurin da ginshiƙi yake ƙarƙashi, za ka gane shi da bugun dunduniya, ko ka sa roba mai kauri a ƙarƙashinta. Kusurwar ɗaki ma a guje ta, domin kowane bango da ke kusa da lasifika yana ƙara mata sautin ƙasa, wanda shi ne kake ƙoƙarin ragewa.

Wat nawa nake buƙata, kuma lasifika mai inci nawa?

Ga ƙaramar ƙungiyar jaz, wat 100 zuwa 150 da lasifika ɗaya mai inci 10 ko 12 sun wadatar. Ga mai ganguna mai nauyin hannu da jita, nemi wat 300 zuwa 500 da lasifika biyu masu inci 10 ko 12. Yawan wat ɗin ba don ka ƙure shi ba ne. Farkon fizgar tsirkiya yana da tsini ƙwarai, kuma ƙaramin amfilifaya a nan yake tsagewa.

Kada a ruɗe ka da lamba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa (desibel shi ne ma’aunin ƙarfin sauti), kuma kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an kai wajen desibel 10, wato wat sau goma. Ƙara lasifika ta biyu a ɗora ta kan ta farko ya fi sauya amfilifaya amfani. Duba kuma lambar om: amfilifayar da aka rubuta wa wat 500 a om 4 ba za ta ba da haka a akwati mai om 8 ba, sai an haɗa biyu masu om 8. Manyan akwatuna masu inci 15 ko 18 da aka yi wa bas na lantarki sukan tara rugugi daidai inda bas na tsaye yake ƙugi.

To ikwalaiza fa, ina zan rage, ina zan ƙara?

Fara da komai a tsakiya, kuma ka fi yawan ragewa a kan ƙarawa. Idan sautin ya yi laka, rage desibel 3 zuwa 4 a wajen 200 zuwa 300. Idan ba a gane sautukan da kake bugawa, ƙara kaɗan tsakanin 700 da 900. Idan fiyezo yana ƙara irin ta hanci, laifin yakan kasance tsakanin 1,000 da 2,000. Nemo wurin ta hanyar ƙara shi da gangan har ya yi muni, sannan ka rage. Ƙarar yatsu da ƙarfe tana sama da 3,000.

Muhimmin abu shi ne a yi saitin nan ƙungiya tana kiɗa. Sautin da ya fi daɗi kai kaɗai, mai taushi da zurfi, shi ne yake ɓacewa. Wanda yake ratsawa yakan yi ɗan kaushi idan ka saurare shi shi kaɗai, kuma makaɗa da yawa suna kasa haƙuri da wannan su koma gidan jiya. Na’urar matse sauti kuma a yi hattara da ita: matsi na 2:1 ko 3:1 ya isa, domin tana ɗaga ƙananan sautuka, ƙugi kuwa da ƙarami yake farawa.

Idan akwai manyan lasifikan zaure, me zan ba mai miksa?

Ba shi waya mai baki uku daga akwatin share fagenka ko daga mafitar DI ta amfilifaya, wadda take aika sauti kai tsaye zuwa miksa. Kada ka bari a soka fiyezo kai tsaye a akwatin DI marar wuta, matsalar turjiyar nan ce za ta dawo. Daga nan amfilifayarka ta zama taka ce kai da mai ganguna, zaure kuma nasa ne. Wannan rabon aiki shi ne yake ba da damar a ji bas da ƙarfi a waje alhali dandamali yana da sauƙi.

Roƙe shi abu biyu. Kada ya sa bas a lasifikar ƙasa da ke fuskantarka, domin tana harba sauti kai tsaye a fuskar katako. Kuma idan manyan akwatunan sautin ƙasa suna dab da dandamali ko a ƙarƙashinsa, ya rage bas a cikinsu. Abin saurare na cikin kunne yana kashe rabin rigimar nan, yana kuma kare ji. Ƙa’idar hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma’aikata ita ce awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100 minti 15 ne. Mai bas kuwa kusa da faranti yake kwana.

Ana iya haɗa makirufo da fikof?

Ana yi, kuma a matsakaiciyar ƙara shi ne ya fi daɗi. Fikof ya tafi amfilifaya da miksa, makirufo ya tafi miksa kaɗai. A yanke wa makirufo ƙasa daga wajen 150 zuwa 200, ya kawo iska da katako, fikof ya riƙe gindi. Sanya shi santimita 2 zuwa 5 daga fuskar bas, a ƙarƙashin jaki ko tsakanin jaki da kafar ɓangaren G, ba a bakin kafar ba, nan rugugi ne zalla. A buɗe su biyun a juya Phase na ɗaya. Gefen da ya fi kauri shi ne daidai. Ƙananan makirufon nan suna buƙatar wutar 48V daga miksa.

Ni mai marin tsirkiya ne irin na rokabili. Me ya sa ba a jin “ƙwas” ɗin?

Domin a allon yatsu yake faruwa, fikof ɗinka kuma yana jaki. Ana manna ƙwayar fiyezo ta biyu a bayan allon yatsu, a ba ta tata hanya, kamar yadda K&K Bass Master Rockabilly yake zuwa da ƙwaya biyu da akwati mai hanya biyu. A hanyar marin a yanke duk abin da ke ƙasa da wajen 1,000, in ba haka ba za ta kawo bugun katako mai dagula sauti. Ɗan kaɗan ake buɗe ta. Lasifikar da ba ta da ƙaramin bakin sautin sama ba za ta fitar da shi da kyau ba.

Tsirkiya da tsayin jaki suna da tasiri?

Sosai. Ta ƙarfe irin Thomastik Spirocore tana da dogon numfashi da gurnani, tana ratsawa cikin sauƙi. Ta hanji tana da bugu mai kauri da saurin mutuwa. Masu jaz da yawa suna barin tazarar milimita 5 zuwa 6 a ƙarƙashin G da 8 zuwa 9 a ƙarƙashin E, a ƙarshen allon yatsu. Idan ta yi ƙasa da haka sosai, lasifika za ta fi fitar da zuza a kan sauti. Hannu ma yana ciki: fizga da gefen yatsa kusa da ƙarshen allon yana ba da farkon sauti mai tsabta wanda babu maɓallin da zai ƙirƙiro shi.

Akwai abin da mai wannan kaya a Najeriya ko Nijar zai ƙara kula da shi?

Wuta da iska. Amfilifayar da aka sayo daga Amurka ta 120V ce sau da yawa, wutar nan kuwa 220 zuwa 230 ce. Karanta bayanta kafin ka soka. Idan da janareta ake aiki, sa na’urar daidaita wuta a tsakani. Zuzar wutar 50 Hz tana dab da G ta ƙasa a kan tsirkiyar E, mai 49, don haka ana iya ɗaukarta ƙugi. Bambancin shi ne ba ta tsayawa ko ka rungume bas ɗin. Gwada maɓallin Ground Lift na akwatin DI, ka kuma haɗa amfilifaya da miksa a layin wuta ɗaya.

Katakon bas ya fi son damshin iska na kashi 40 zuwa 60 cikin 100, hunturu kuwa a Kano ko Damagaram yakan sauke shi ƙasa da 20. Katako yana tsukewa, tsirkiya ta sauko, fikof ɗin da ya zauna daram da damina ya canza zama, manne ya buɗe a gefuna yana zuza. Ajiye bas a jakarsa da jiƙaƙƙen soso a cikin roba mai huji, kuma ka sake duba zaman fikof duk lokacin da yanayi ya juya.

Na yi duk wannan, har yanzu ƙarar ƙungiyar ta fi ƙarfina. Saura me?

Akwai iyakar da akwati mai rami ba ya wucewa, kuma an daɗe da sanin haka. Sunan kamfanin Ampeg ma daga fikof ɗin da Everett Hull ya ƙera a shekarun 1940 ya samo asali, wanda ake sakawa a cikin bas ta ƙafarsa. A 1951 Leo Fender ya fito da Precision Bass, kuma Monk Montgomery yana cikin na farko da suka riƙe shi a ƙungiyar Lionel Hampton. A farkon shekarun 1960 Ampeg ya fitar da Baby Bass, na tsaye mai ƙaramin jikin roba, wanda masu salsa suka runguma domin yana tsayawa a gaban ƙahoni da ganguna ba tare da ƙugi ba.

Zaɓin yau uku ne. Ko ka ƙara fikof na maganaɗisu a kan fiyezonka, ka ba shi kaso mafi yawa idan ƙara ta tashi, ka bar fiyezo ya ɗan kawo katako. Ko ka koma na tsaye na lantarki marar ƙaton akwati, irin Yamaha Silent Bass ko na NS Design, wanda yatsunka za su gane shi amma lasifika ba ta girgiza shi. Ko kuma ka zo da bas biyu, ka haɗa su a akwati mai mashiga biyu da maɓallin sauyawa na ƙafa, ka daidaita ƙarfinsu tun a gwajin sauti, kuma ka tabbata hanyar na tsaye tana rufe duk lokacin da ka kwantar da shi, domin bas ɗin da ba hannu a kansa shi ne ya fi saurin kama ƙugi.